Keken Baba da hanyar Sahuda

Duk ranar Asabar, da an sallame sallar asuba, mutanen unguwarmu a Mubi sun saba ganina ina fitowa da wani siririn keke, kaina da hular kwano, gorar ruwa biyu maƙale a jikin ƙarfensa. Wasu su ɗaga mini hannu, wasu kuwa har gobe dariya suke yi. Akwai wani dattijo da ba ya fashin cewa, "Alhaji, yau ma tsere za a je yi da iska?" Ni ma sai in yi dariya in wuce. Kaɗan ne a cikinsu suka san abin da ya ɗora ni kan keke ina da shekara 40, kuma labarin ke nan da nake so in bayar, ko Allah zai sa wani mai ɗauke da irin kayan da na ɗauka ya sami abin riƙewa.

Mahaifina mutumin ƙasar Haɗeja ne. Fatauci ya kawo shi Mubi yana saurayi, tun kafin ƙuri'ar 1961 da ta haɗe wannan yankin da Najeriya, shi ya sa yakan ce shi bai je wajen iyaka ba, iyaka ce ta zo ta same shi. Koli yake yi: allura, zare, madubi, sabulu, batir, ɗan turare. Ya ɗaure akwatinsa a bayan wani baƙin keke Raleigh mai ƙararrawa, ya bi kasuwannin ƙauyukan Gude da Fali da rugagen Fulani, yau yana wannan gefen yana karɓar naira, jibi yana wancan gefen yana karɓar sefa. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya kafa rumfar gyaran keke a bakin titi. Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Kai wannan" ne sunana a bakinsa har ya bar duniya.

A rumfar nan na koyi faci ina ɗan shekara tara. Ka hura tiyub, ka nutsa shi cikin kwanon ruwa kana juyawa har ka ga inda kumfa ke tasowa, ka goge wurin, ka kankare shi da ɗan gwangwanin da aka huhhuda, ka shafa sholisho. Daga nan sai ka jira. Wannan jiran shi ne ya fi ba ni wahala, kullum sai in manna facin tun sholisho yana danƙo, Baba ya buge mini hannu ya ce, "Kai wannan, sai ya sha iska yake kamawa."

Na girma, na shiga kasuwa, Allah ya buɗa. Na fara da tebur, na koma shago, har na kai ga ina sayar da sukari da fulawa da man girki a sari ga 'yan kasuwar da ke shigowa daga Kamaru. Na sayi babur, a 2012 na sayi mota, na je Makka. Kuma a nan zan faɗi abin da ba na jin daɗin tunawa: na fara jin kunyar rumfar Baba. Na matsa masa sai ya rufe ta, ina cewa don ya huta ne, amma ni da shi duk mun san ba hutunsa ne ya dame ni ba. Bai yi musu ba. Ya rufe, ya jingine Raleigh a zaure, duk Juma'a bayan ya dawo masallaci ya zauna ya ɗiga wa sarƙarsa mai, ya goge shi da tsumma, ya mayar.

A watan Satumba na 2014 Gulak da Michika suka faɗa hannun mayaƙan Boko Haram. Mubi ta cika da mutanen da suka gudo, makarantu da zauruka duk babu masaka tsinke. Baba ya kira ni ya ce mu tattara mu koma Yola har a ga abin da hali zai yi. Ni kuwa lokacin na karɓi kaya bashi, shago cike har rufi. Na ce masa, "Baba, Mubi fa ba ƙauye ba ce, akwai bariki, ba za su iya ba." Da maganar ta yi yawa sai na raba gardama: na ba ƙanena motata ya kai Inna da matata da yara Yola, ni in tsaya in ga kayan sun ragu. Na ce Baba ya bi su. Ya ce ba zai tafi ya bar ni ni kaɗai ba. Na yi lallashi, na yi fushi, ya ce in dai ina Mubi yana Mubi.

Ranar Laraba, 29 ga Oktoba, muka wayi gari da ƙarar harbi. Kafin hantsi labari ya zo cewa hanyar Mararraba ba ta biyuwa, ke nan an toshe hanyar Yola. Gari ya dagule. Kowa ya nufi inda ƙafarsa ta kai shi, mafi yawa suka yi wajen duwatsu, wajen Kamaru. Baba yana da shekara 74, ga hawan jini, ga numfashi da ke sarƙe masa in ya yi 'yar tafiya. Na tsaya a tsakar gida na rasa abin yi, shi ne ya nuna mini zaure da sandarsa. Keken da na raina shi na jawo. Na naɗe bargo a kan kariya, na ɗora Baba, ya riƙe sirdi da hannu biyu, na kama kan keken na fara turawa. Maganinsa na hawan jini yana kan taga. Sai da muka yi nisa na tuna.

Wanda bai san ƙasar nan ba ba zai gane abin da turin ke nufi ba. Daga Mubi in ka nufi Sahuda, garin da ke bakin iyakar Kamaru, ƙasa ba ta kwanciya. Ka hau tudu, ka gangara kwari, ka tsallake ɗan rafi, ga wani tudun yana jiranka, kuma kowane na gaba ya ɗan ɗara na baya domin kana kusantar duwatsun Mandara ne. A mota ba ka lura, sai dai ka ji injin ya canza murya. Da ƙafa kuwa, kana tura mutum, kowane hawa sai ka san sunansa. Gangaren ma ba hutu ba ne, don sai na danne birki da dukkan ƙarfina ina ja da baya kada keken ya ƙwace ya tafi da shi. Wani wurin muka bar titi muka bi hanyar gona saboda tsoro. Gefe da gefe mata ne da goyo da ƙullin kaya a ka, ɗalibai da jakunkuna, wata tsohuwa a cikin baro. Babu mai yi wa wani magana.

Bayan la'asar, a tsakiyar wani dogon hawa da ke da tsamiya a samansa, tayar baya ta fashe. Babu famfo, babu faci. Na zauna a ƙasa na haɗa kai da gwiwa. Baba ya sauko da kyar, ya duba tayar, ya ce in cire tiyub ɗin in yar, in yanko busasshiyar ciyawa in cusa cikin tayar har ta yi tauri, in yaga gefen bargon in ɗaɗɗaure ta da rim. Yana haki yana nuna mini da sanda inda ban cusa sosai ba. Haka suke yi, in ji shi, lokacin da suke koli in faci ya ƙare musu a daji. Keken ya ci gaba da tafiya yana dingishi, duk juyi ɗaya sai ya yi tsalle, ni kuma ina jin tsallen a hannuna, na san shi yana jinsa a ƙashin bayansa. Bai ce uffan ba.

Mun kwana a gindin wani dutse. Mutanen ƙauyen wurin, waɗanda ban san addininsu ba kuma ba su tambayi namu ba, suka kawo ruwa da ɗanyar gyaɗa, lokacin ana cikin cirarta. Washegari da yamma muka tsallaka, muka isa wani ƙauye kusa da Bukula. Daga baya na ji hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin mutum 13,000 ne suka tsallaka Kamaru a kwanakin nan. Wani magidanci ya ba mu zaurensa. A dare na uku numfashin Baba ya canza. Na tallafe kansa ina yi masa kalmar shahada yana bi a hankali. Maganar duniya ta ƙarshe da ya yi mini ita ce, "Kai wannan, ka kulle ƙofar zaure kuwa?" Na ce na kulle. Ban kulle ba. Kafin asuba ya cika.

Mai gidan ne ya ba da farin yadin da aka yi likkafani, mu bakwai muka yi masa salla, babu wanda ya san shi a cikinsu sai ni. Ba ni da abin da zan ba mutumin nan, sai na bar masa keken. Daga nan muka shiga bayan wata babbar mota, ta Gidar da Garwa, muka zagayo Yola. Abin da ya faru lokacin da Inna ta gan ni ni kaɗai ba zan rubuta shi ba.

An ƙwato Mubi a tsakiyar Nuwamba, ni kuwa sai farkon 2015 na koma. Shago wayam, ko buhu ɗaya babu. Ban san wanda ya kwashe ba, kuma na daina tambaya. Na sayar da mota na rage bashi, na koma sayar da kaya a awo kamar farkon farawa. Talaucin bai karya ni ba, na san shi tun ina yaro. Abin da ya cinye ni shi ne lissafin dare. Da na kwanta sai in fara: da na ji maganarsa a Satumba, da na shiga motar nan tare da su, da na ɗauko maganin nan a kan taga. In yi ta juya shi har a kira assalatu. Malamai sun yi mini nasiha cewa ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma na yi imani da haka, amma imanin yana kaina, ƙirjina bai ji ba. Na zama mafaɗaci. Yarana suna jin sallamata sai su shige ɗaki. Ko a hanya in na zo inda ake hango duwatsun gabas sai in kawar da kai.

A 2017 na yanke jiki na faɗi a bakin shago. Da aka auna jinina a asibiti 170 bisa 110 ne. Likitan ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri da dunƙulen miya, in riƙa motsa jiki minti 30 a rana, kwana biyar a mako. Har na miƙe zan fita sai ya ce, "Alhaji, kana samun barci kuwa?" Shekara uku babu wanda ya yi mini wannan tambayar. Na koma na zauna na yi kuka a gaban yaron da na girme shi. Shi ya fara gaya mini cewa abin da ke damuna ciwo ne mai suna, kuma mutanen da suka ga abin da muka gani da yawa suna fama da shi. Mu maza a ƙasar nan komai sai mu ce hawan jini, don shi ne ciwon da namiji zai faɗa ba a raina shi ba. Da za a zauna da rabin masu hawan jinin Mubi a tambaye su barci, da an ji abin mamaki.

Na gwada tafiyar ƙasa kamar yadda ya ce, abin ya gagara. Da na yi nisa kaɗan sai tafin hannuna ya fara zufa, in ji kamar ina riƙe da kan keken nan. Ana haka sai wani malamin makaranta da ke sayen sukari a wurina ya fara zuwa a kan wani irin keke da ban saba gani ba, tayoyinsa sirara kamar yatsa, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Jinin rumfar Baba ya motsa, na fito na ɗaga shi da hannu ɗaya, na ji bai kai rabin nauyin Raleigh ba. Malam ya ce in ɗana. Na zagaya layin kasuwa sau ɗaya, mutane suna ihu, na dawo na ji wani abu da na manta da shi: na yi minti biyar ban tuna komai ba. A 2018 na tara kuɗi aka sayo mini na gwanjo daga Kano.

Fitarmu ta farko ta hanyar Mararraba ce, wato na ba duwatsu baya. A tudu na biyu na sauka na yi amai a gefen titi. Na ɗauka ƙarfi ake sawa, na bar sarƙa a kan giya mai nauyi ina dannawa kamar mai kirɓa sakwara. Malam ya jira na gama, sannan ya tsuguna ya nuna mini: faranti biyu a gaba, takwas a baya, giya 16 ke nan. Ya ce ba don ado aka sa su ba. A ƙasa mai hawa da sauka irin tamu, in ji shi, hannu ya fi ƙafa aiki. Kana gangara ka ɗora sarƙa kan babban faranti ka tara gudu, gudun zai kai ka kusan sulusin hawan da ke gaba kyauta. Kafin tudun ya cije ka, tun ƙafa tana juyawa da sauƙi, ka sauko da giya, domin in ka bari sai ka ƙage sannan ka canza, sarƙa za ta yi ƙara ko ta zame. Ka zauna daram a sirdi, ka bar ƙafa ta yi ta juyi da sauri ba da ƙarfi ba, kamar juyi 80 a minti. In ba ka iya yin magana da na kusa da kai, ka wuce gejinka. Ya kuma hana ni kallon ƙolin tudu, ya ce in riƙa duban 'yan taku kaɗan a gaban taya.

Na yi wata shida kafin hannuna ya koyi canza giya ba tare da na yi tunani ba. A cikin watannin nan na sha faɗuwa. Na koyi cewa gindin kowane gangare, inda ruwan damina ke tsallake titi, yashi yana taruwa, kuma siririyar taya ba ta shiri da yashi: in ka danne birkin gaba a wurin sai ƙasa. Tabon yana nan a gwiwata ta hagu. Na koyi sauka daga kwalta gaba ɗaya in na ji tirelar shanu a bayana, domin Mubi garin kasuwar shanu ce kuma direban da ya ɗauko lodin Kudu ba ya ganin mai keke a matsayin mutum. Akuya ta fi kare haɗari, shi kare yana sanar da kai zuwansa. A shingen jami'an tsaro kuwa nakan cire tabarau tun daga nesa, in sauka, in yi sallama, katin shaida yana aljihun baya. Da farko sukan yi ta tambaya, yanzu wasunsu har cewa suke, "Baba mai keke, yau ina aka nufa?" Ba ma fita sai mun tambayi lafiyar hanya, ba ma kai wa magariba a waje, kuma kullum matata ta san inda muka nufa.

Guzurina bai wuce dabino da ƙuli-ƙuli da ayaba ba, sai gora ɗaya ta ruwa zalla, ɗaya da ɗan sukari da gishiri kaɗan saboda zufa. A watan Maris da Afrilu in ƙarfe tara ta yi maka a hanya ka shiga uku, don haka fitar asuba ce. Da hunturu ƙura takan rufe duwatsu ƙurmus, leɓe ya tsage, iska ta tura ka baya kamar da gayya. Da azumi sai mu koma 'yar gajeriyar fita bayan la'asar. Amma wanda yake so ya ga ƙasar nan ya fito a ƙarshen damina. Ka hau ƙolin tudu ka tsaya, ka ga ƙasa tana ta naɗewa tana warwarewa har inda ido ya tsaya, dawa ta yi kai, masara ta bushe a tsaye, ɗorawa da kaɗanya jefi-jefi a cikin gonaki, shanun Fulani farare a gefen rafi, hayaƙin girkin safe yana tashi daga gidajen da ke manne a jikin dutse. An haife ni a nan, na yi shekaru ina wucewa a mota da gilashi a rufe, ban taɓa sanin haka garinmu yake ba.

Barci ya dawo a hankali. Farko na gajiya ne kawai, jiki ya yi laushi ya ƙi biye wa lissafin dare. Daga baya na lura hawa tudu yana yi mini wani abu da zama ba ya yi: tunanin Baba yakan zo, amma ba ya samun wurin zama, don numfashi da ƙafa sun riga sun cika wurin, sai ya ɗan yi tafiya tare da ni ya wuce. Jinina ya sauko wajen 130 bisa 85. Ban daina shan magani ba, kuma duk wanda ya ce maka keke zai maye gurbin maganin da likita ya rubuta, kada ka saurare shi.

Surutu kam na sha shi. An ce Alhaji ya talauce har ya koma keke, an ce abin da ya faru ya taɓa masa kai. Matata ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba ranar da ta ga gajeren wando mai soso da ake sawa don sirdi, sai da na yi mata alkawarin zan riƙa ɗora dogo a kansa. Abin dariya, bayan an cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, cikin masu yi mini ba'a har uku suka zo shago a ɓoye suna tambayar nawa ake sayar da na gwanjo.

Duk wannan hawan da nake yi, shekara uku ban taɓa juya kan kekena wajen Sahuda ba. Mun bi hanyar Mararraba har mun gaji da ita, mun yi wajen Maiha, amma in Malam ya ce mu gwada can sai in kawo dalili. Bai taɓa matsa mini ba. A 2021 na gwada ni kaɗai ban gaya wa kowa ba, wanda kuskure ne. Na kai gindin hawan nan mai tsamiya, na hango ta tana nan yadda take, ƙafafuna suka mutu. Na juya. Na sake gwadawa bayan wata biyu, na sake juyawa a wuri ɗaya.

Sai a Nuwamban 2022, shekara takwas cif da 'yan kwanaki, na gaya wa Malam komai, na ce ya raka ni. Muka fita da asuba. Hanyar wani wuri kwalta, wani wuri ta ɓare ta koma jar ƙasa da tsakuwa, dole mu lallaɓa. Da muka iso hawan na sauko da giya har ta ƙarshe, na kafa ido a gaban taya, ina jin bugun zuciyata a kunne. Ban san na kai ba sai da inuwar tsamiyar ta rufe ni. Malam ya iso bayana yana haki, ya jingine kekensa, ya juya ya daɗe yana kallon inda muka fito. Sannan ya ce, "Alhaji, nan ka turo Baba?" Na ce nan ne. Ya ce, "Da taya ta ciyawa?" Na ce daga rabi. Ya girgiza kai ya ce, "Ni da giya 16 da keken da bai kai buhun siminti kwata ba, ga yadda nake."

Shekara takwas ina ƙirga abin da ban yi wa mahaifina ba, ban taɓa ƙirga wannan ba. Ranar nan cinyoyina ne suka auna mini tudun, suka gaya mini nauyinsa, kuma shaidarsu ta shiga inda nasiha ba ta shiga ba. Ba wai na wanke kaina ba ne. Har yau ina ganin ya kamata in ji maganarsa a Satumba, kuma kayan da na tsaya dominsu ko buhu ɗaya ban tsira da shi ba. Amma yaron da ya tura ubansa a kan tuddan nan yini biyu bai yar da shi ba, ya kamata in daina yi masa kallon wanda ya kashe shi.

Tafiyar da ta ci mana kusan yini biyu a 2014, kafin azahar mun gama ta, har da tsayawa a bakin iyaka muna bayani. Mai zauren nan ya rasu, Allah ya jiƙansa, ɗansa ne ya gane ni bayan na ba shi labari. Ya shiga gida ya fito yana tura Raleigh. Ƙararrawar ta ɓace, an canza sirdi, an yi wa kariya walda, jarkokin ruwa ake ɗauka da shi. Ya ce in tafi da abina. Na ce a'a, an riga an bayar. Na dai roƙi ɗan mai, na tsuguna na ɗiga wa sarƙar, don ta bushe har tana kuka. A maƙabarta kuwa damina takwas ta baje kaburbura, yaron ya nuna mini wani gefe ya ce tsakanin nan da can ne. Na tsaya na yi addu'a ga duk wanda ke kwance tsakanin nan da can.

A hanyar dawowa, rana ta fara karkata, ƙaya ta huda mini tayar baya. Babu kwanon ruwa, sai na hura tiyub ina bi da shi kusa da leɓena har na ji inda iska ke fita. Na kankare, na shafa sholisho, na ajiye shi a kan gwiwata. Malam yana ta duban agogo yana duban rana, ya ce, "Alhaji, manna mana mu tafi, kada magariba ta same mu." Na ce masa ya ɗan yi haƙuri, bai sha iska ba tukuna.